Hawan Duwatsun Shere da Damina: Jawabi ga Malamai da Shugabannin Samari



Maganata ta yau a kan hawan dutse ce, irin wanda akan fita da safe a komo gida kafin magariba. Da yawa daga cikinku sukan so su kai yara Duwatsun Shere a hutun damina, sa'ad da ƙasa ta yi kore shar, ƙoramu suna gudu, babu ƙurar hunturu da za ta tare wa mutum gani. Wannan abu ne mai kyau, ba na kuwa so in hana kowa. Amma akwai abu guda wanda lalle ne shugaban tafiya ya riƙe, shi ne lokaci.

Duwatsun nan suna gabas da Jos, kamar mil 6. Ƙololuwarsu ta kai ƙafa 6,000 bisa teku, watau mita 1,829, garin Jos kuwa yana wajen ƙafa 4,000. Ashe bambancinsu kamar ƙafa 2,000 ke nan. A shekarar 1892 wani mutumin Sikotilan, William Naismith, ya fitar da wani lissafi wanda mahaya duwatsu suke aiki da shi har yanzu: a ba kowace mil 3 sa'a ɗaya, sa'an nan a ƙara sa'a ɗaya a kan kowace ƙafa 2,000 ta hawa. To, a ce tafiyarku mil 3 ce, hawan kuwa ƙafa 2,000, sa'a 2 ke nan. Sai dai ku tuna shi Naismith ƙaƙƙarfa ne, ba kuwa da yara talatin yake tafe ba. Ku sa sa'a 3, ku auna da ƙafar wanda ya fi kowa rauni a cikinku.

Me ya sa na matsa a kan lokaci? Saboda hadari. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba iska mai laima tana tasowa daga teku. Idan rana ta gasa ƙasa da hantsi sai iskar ta tashi sama, duwatsu su ƙara tura ta, ta yi sanyi, gajimare ya haɗu. Don haka ne sau da yawa gari yakan waye garau, amma kafin la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Wanda ya tashi da ƙarfe 6 na safe ya kai ƙoli tun ƙarfe 9, ya huta, ya ci guzuri, ya sauko lafiya. Wanda ya tsaya jiran motar da ta makara, ya fara hawa da ƙarfe 11, shi da hadari za su gamu a sama. Ku yanke tun a gida cewa da rana ta take tsaka za a juya, ko an kai ƙoli ko ba a kai ba, kada kuma magiyar yara ta sa ku canja.

Tsawa ta fi faɗa wa abin da ya fi tsayi, a kan ƙololuwa kuwa mutum shi ne abin nan. In kun ga walƙiya ku yi ta ƙirga har ku ji ƙara. Kowace daƙiƙa 5 ta ƙyaftawar agogo, watau sakan 5, mil ɗaya ke nan. In ƙirgarku ba ta kai 30 ba, hadarin ya iso inda zai iya cutar da ku. Ku sauka daga tsauni nan da nan, kada ku fake a gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai, kada ku tsaya a bakin ɗan kogo, kada kuma yara su cunkushe wuri ɗaya. Bayan ƙara ta ƙarshe a dakata rabin sa'a.

Ruwan kansa ma abin tsoro ne. Falalen dutsen da kuka taka da safe kamar tabarma, in ya jiƙe santsinsa sai ka ce sabulu, sauka kuwa dā ma ta fi hawa wuya. Ƙoramar da aka tsallake da taki ɗaya takan cika ta kawo iya ƙugu. Ku jira ta janye. Ga kuma sanyi: yaron da rigarsa ta jiƙe, iska tana kaɗa shi a can sama, sai ka ga yana makyarkyata, ko da a gindin dutse ana gumi. Kowa ya riƙe rigar sanyi busasshiya a jakarsa.

Sauran ba su da tsawo. Takalmi mai kama ƙasa, ruwan sha isasshe, da tocila. Kada a sa hannu cikin tsaguwar dutse. In maciji ya sari wani kada a tsaga, kada a ɗaure tam, a ɗauke shi zuwa asibiti. Tsofaffin ramukan kuza da ruwa ya cika suna da zurfi ainun, ba wurin wanka ba ne. Ku gai da mai gari a ƙauyen da za ku fara hawa, ku nemi ɗan jagora, gama mutanen wurin sun san hanya, sun kuma san wuraren da ba su so baƙo ya taka. Ku bar masa yawanku a rubuce, da hanyar da za ku bi, da sa'ar da za ku komo.