Daga Tabotaki Zuwa Filin Duniya: Naƙasasshe Ma Ɗan Wasa Ne



Duk wanda ya san Tabotaki, a gundumar Buza, ya san ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce. Saurayin da shan-inna ta shanye wa ƙafafu, wanda yake tuƙa kekensa da hannu bisa wannan tsakuwa safe da yamma, yana da damtsen da wasu ke neman irinsa shekara da shekaru a ɗakin motsa jiki. Abin tambaya shi ne: me ya sa wannan damtse ba ya kai mai shi ko'ina sai bakin tasha da ƙoƙon bara?

Wasannin naƙasassu ba yau suka fara ba. A 1948 wani likita mai suna Ludwig Guttmann ya shirya gasar harbin kibiya ga mutum 16 da suka samu rauni a laka, a asibitin Stoke Mandeville na Ingila. A 1960 aka yi gasar Paralimpik ta farko a birnin Rum, da ƴan wasa kimanin 400 daga ƙasashe 23. A Paris, a 2024, sun haura 4,000.

Maƙwabciyar Nijar ta kudu, wato Nijeriya, ta shiga gasar a Basalona a 1992, ta koma gida da zinariya 3. A Landan, a 2012, ƴan wasanta na Olimpik sun koma hannu rabbana, alhali naƙasassunta sun kwaso lambobi 13, shida daga ciki na zinariya. A can ne Yakubu Adesokan, wanda nauyinsa bai haura kilo 48 ba, ya ɗaga kilo 180, kusan ninki huɗu na jikinsa. A Riyo, a 2016, sun ci zinariya 8. A Paris ma tarihi ya maimaita kansa: masu ƙafafu babu ko tagulla, naƙasassu lambobi 7.

Ita kuwa Nijar, sai a Atina, a 2004, ta fara aika wakili, shi ma mutum ɗaya tak. Tun daga nan tawagarta ba ta wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma har bayan gasar 2024 ba ta samu lamba ba. Laifin ba na ƴan wasan ba ne, irin su Ibrahim Dayabu da ya yi tsere a Riyo. Ƙasar da ta haifi Isaka Dabore, mai tagullar dambe a 1972, da Abdul Razak Isufu Alfaga, mai azurfar taekwondo a 2016, ba ta rasa jarumai ba. Abin da ta rasa shi ne hanyar da za ta ɗauko yaro daga ƙauye ta kai shi fage.

Wannan hanya kuwa tana da matakai. A ɗaga ƙarfe, ɗan wasa yakan kwanta rigingine bisa benci, ya sauke sandar zuwa ƙirjinsa, ya tsayar da ita cak, sannan ya tura ta sama har hannuwansa su miƙe. Sau uku ake ba shi dama, alƙalai uku na kallo. Makaho mai tsere yana buƙatar ɗan jagora da zai yi gudu kafaɗa da kafaɗa da shi, igiya na haɗe da hannuwansu. Kafin kowa ya shiga babbar gasa, sai ƙwararru sun auna naƙasarsa sun sa shi cikin ajinsa, kuma sau da yawa sai an ƙetare iyaka ake samun su. Ke nan ana bukatar ƙarfe, da mai horarwa, da abinci, da kuɗin tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda aka tuna da shi saura wata biyu gasa, rakiya kawai ya je.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Tun watan Maris na 1993 Nijar ta kafa dokar kare naƙasassu. A 2008 ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu, a 2019 kuma ta sake yin wata dokar. Amma doka a takarda ba ta gyara matakalar makaranta, ba ta sayen benci. Masu neman mulki sun san ƙofar naƙasasshe idan ana rabon shinkafa gaban ƴan jarida. Ya kamata su san ta ranar kasafin kuɗi.

Naƙasassu dai ba su zauna jira ba. A 1988 Misbahu Lawan Didi ya assasa ƙwallon guragu a Nijeriya, inda ƴan wasa ke zama bisa katako mai ƙananan tayoyi suna buga ƙwallo da hannu. A Kano, Aminu Ahmad Tudun Wada da abokansa sun zaɓi ƙera kekunan guragu maimakon bara. A 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna, amma waɗanda ta taɓa suna nan da ransu, da ƙarfinsu.

Jahar Tawa ta san yadda ake fito da gwani, domin a Tawa aka yi kokowar ƙasa ta farko a 1975, kuma daga ƙauyuka ake tankaɗe da rairaya har a kai ga takobi. A bi wannan tsari. Hukumomin Buza, da Keita, da Madawa su ware rana guda a shekara ta gasar naƙasassu, su ajiye benci da ƙarfe a kowace gunduma, su horar da malamin makaranta ɗaya da zai lura da masu baiwa, mata da maza. Iyaye kuma su daina ɓoye ɗa a ɗaka ko tura shi bara.

Ko da lamba ba ta zo da wuri ba, ranar da garin Tabotaki ya taru yana yi wa gurgu tafi saboda bajinta, ba don tausayi ba, an ci rabin gasar.

Allah ya ba da ikon aikatawa.