Tafiya Sannu Sannu Kwana Nesa: Jawabi Kan Kiyaye Haɗarin Hanya a Ranakun Babbar Sallah

Wannan jawabi ya shafi duk wanda zai taka titi a ranakun Babbar Sallah, ko a ƙafa yake, ko cikin mota, ko bisa doki. An ɗauki garin Mubi na Jihar Adamawa domin misali, amma abin da za a faɗa ya dace da kowane babban gari na ƙasar nan.

Mubi gari ne na mahaɗa. Yana gindin duwatsun Mandara, kusa da iyakar Kamaru, kuma bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya taɓa zama hedkwatar tsohon Lardin Sardauna. Hanyar Yola tana biyowa ta Song da Gombi da Hong, ta Maiduguri kuwa ta Madagali da Michika, su haɗu a Mararraba kafin a shiga gari. Ga babbar kasuwar shanu wadda fatake ke zuwa daga nesa, ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na Jami'ar Jihar Adamawa. Idan Sallah ta gabato, duk wannan jama'a takan zuba kan tituna lokaci guda. Titin bai ƙara faɗi ba, mutane ne suka ninka. Saboda haka gudun da ya dace da ranar yau da kullum bai dace da ranar Sallah ba.

Kafin Sallah

Haɗari yakan fara tun ana saura mako guda, lokacin da manyan motoci ke lodin shanu da raguna zuwa kudu, matafiya kuma na ɗokin isa gida. Direban da ya yi sawu biyu a rana yana neman na uku, barci ne abokin tafiyarsa. Goro da shayi ba su biyan bashin barci, balle ƙwayoyin da wasu ke haɗiya, waɗanda ke buɗe ido su rufe hankali. Wanda ya gaji, ya tsaya ya kwanta.

Wajibi ne mai mota ya duba birki da fitilu da tayoyi kafin ya tashi. Kowace taya tana da lambobi huɗu a gefenta masu nuna lokacin da aka ƙera ta. Idan an ga 2321, ma'anarsa mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi cewa kada a dogara da tayar da ta wuce shekara huɗu, ko da zanenta bai goge ba. Har ila yau, a 2023 da 2024 da 2025 Babbar Sallah ta faɗo cikin watan Yuni, watau da damina. Ruwa yakan rufe ramuka, ya sa kwalta santsi. Idan kogin Yedzaram ko wani rafi ya cika ya hau hanya, a jira ya janye. Ruwa mai gudu ba ya sanin girman mota.

Fasinja shi ma yana da nasa alhakin. Kada ya yarda a ɗora shi bisa kaya ko a bayan motar dabbobi. Idan direba ya cika gudu, ya yi masa magana, domin ran da ke cikin motar ba na direba kaɗai ba ne.

Safiyar Idi

Da safiyar Idi dubban mutane sukan nufi wuri ɗaya cikin sa'a ɗaya, sa'an nan su watse tare. Wanda gidansa ke kusa, ya fi masa ya tafi da ƙafa. Wanda ya zo da mota, ya ajiye ta nesa da filin, kada ya tare mashiga ko mafita, domin motar asibiti za ta iya bukatar wucewa. Masu keke mai ƙafa uku kada su cusa fasinja fiye da ƙa'ida, kuma kada su tsaya tsakiyar titi don ɗauka ko saukewa.

Mutanen Mubi ba su manta da abin da ya same su a 2014 ba, da hare-haren da aka kai masallatai a watan Nuwamba na 2017 da watan Mayu na 2018. Don haka idan jami'an tsaro sun tsayar da mutum domin bincike, ya yi haƙuri ya ba su haɗin kai. A fito da wuri, kada a zo da jaka ko ƙunshin da ba a bukata.

Hawan Sallah da yawon yara

Idan Mai Martaba Sarkin Mubi ya hau tare da hakimansa, jama'a sukan yi dafifi a bakin hanya. Doki dabba ne mai firgita. Ƙarar ƙaho ko ta babur tana iya sa shi ya yi tsalle cikin taro. Masu kallo su tsaya inda dogarai da 'yan sanda suka tsayar da su, kada wani ya ratsa gaban mahaya, direba kuma ya kashe injinsa har ayari ya wuce.

Amma mafi muni shi ne yammacin Sallah da kwanaki biyun da ke biye, lokacin da yara ke yawon barka da Sallah. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Ƙaramin yaro bai iya auna gudun mota ba. Idan ya hango ɗan'uwansa a ƙetare, sai ya ruga kawai. Lalle ne iyaye su haɗa ƙananan yara da babba mai hankali wanda zai riƙe hannunsu, a kuma koya musu duban hagu da dama da sake duban hagu kafin su ƙetare. Inda babu gefen masu ƙafa, a yi tafiya ana fuskantar motoci masu zuwa. Uban da ya miƙa wa yaro makullin mota ko na babur don ya yi burga, shi ne ya fara laifin.

Lissafin gudu

Ga abin da ya kamata kowane direba ya haddace. Dokar hanya ta ƙayyade gudun cikin gari a kilomita 50 a sa'a. Motar da ke wannan gudu tana cin kusan mita 14 cikin daƙiƙa ɗaya, watau kafin ƙafar direba ta isa birki ta riga ta yi tsawon motoci uku. Idan an ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ci bayan an taka birki yakan ninka sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa daga kilomita 50 zuwa 65, haɗarin mutuwar mai ƙafa da aka buge yana ninkawa sau huɗu da rabi. Hamsin ɗin ma iyaka ce ta ranar da titi yake sarari. Cikin taron Sallah, kilomita 30 ta isa. Ɗamarar kujera tana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi, hular kwano kuwa ita ce katangar kan mai babur. Waya kuma a bar ta cikin aljihu har a tsaya.

Idan haɗari ya auku

A kira lamba 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, kyauta ce. A danne wurin da jini ke zuba da tsabtataccen ƙyalle. Kada a fizgi wanda ake zaton wuyansa ko bayansa ya karye, kada kuma a ɗura wa wanda ya suma ruwa. A kai majiyyaci asibiti mafi kusa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa. Dukan direba da ƙona mota laifi ne, kuma ba ya tsayar da jinin wanda ke kwance.

Ana roƙon limamai da masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin direbobi su isar da wannan saƙo a masallatai da majami'u da tashoshin mota tun kafin watan Zulhajji ya kama. Allah ya sa a yi Sallah lafiya, kowa ya koma gidansa lafiya, ya kuma maimaita mana. Amin.