Gamba Tana Ƙaura, Ina Talaka Zai Yi Kiwo?

Jawabin da aka yi wa 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa a Fammar, ƙasar Kibiya

Maganarmu ta yau a kan ciyawa take. Kada kowa ya raina ta, gama nonon da ake dama fura da shi, da man shanu, da naman da mahauta ke rataye, da zanan da muke kewaye gida, duk daga ciyawa suke fitowa. Ran da makiyaya ta mutu, kasuwa ce za ta fara zaman makoki.

Ku tambayi dattawan Rano da Kibiya irin gambar da suka tarar a daji. Gamba ciyawa ce mai saiwa mai zurfi, rani ba ya kashe gindinta, da an yi ruwan farko sai ta toho. Yau a wurare da dama tafasa da tumfafiya sun gaje ta, ga ƙarangiya, wadda ainihinta ciyawar arewa ce mai son rairayi da ƙarancin ruwa.

Masana suna da hanyar auna wannan al'amari. Sai su bi ƙasa suna rubuta duk inda suka ga wani tsiro, su haɗa da yawan ruwan sama da zafin rana da irin ƙasar wurin. Sa'an nan su zuba lissafin cikin kwamfuta, ita kuwa ta zana taswirar inda tsiron zai iya rayuwa. Daga nan sai su sake mata lissafi, su ba ta zafi da ruwan da ake tsammani a shekarar 2050, ta sake zana wata taswira. Bambancin taswirorin nan biyu shi ke nuna inda tsiro zai ja da baya, da inda zai ci gaba.

Wannan ba duba ba ne, gama mun riga mun ga irinsa da idonmu. A farin 1973 da na 1984 iyakar damina mai ƙarfi ta ja kudu da fiye da kilomita 100 a ƙasashen bakin Sahara, shanu suka mutu, ciyawa mai daɗewa ta ba da wuri ga mai mutuwa shekara shekara. Tun daga wajen 1990 ruwa ya ɗan komo, amma yakan zo da ƙarfi a kwanaki kaɗan, ya kuma ɗauke a tsakiyar damina. Zafin duniya kuwa ya ƙaru da fiye da digiri 1 tun ƙarshen ƙarni na 19, saboda hayaƙin gawayi da man fetur, wanda galibinsa daga manyan ƙasashe masu masana'antu ya fito, irin su Amurka da ƙasashen Turai da Sin. Su suka hura wutar, mu muke shan hayaƙin.

Amma fa, 'yan'uwa, akwai abin da taswirar masana ba ta nunawa. Tana iya cewa gamba za ta rayu a wuri kaza, alhali kuwa an riga an yanka wurin an ba wani mai ƙarfi. Tun 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Dokar ƙasa ta 1978 kuma ta sa filaye a hannun gwamna, amana domin jama'a. To, ina burtalin da aka san shanu na bi? Idan aka toshe hanya, saniya gona za ta shiga, manomi da Bafillace su yi faɗa, su biyun kuwa talakawa ne. Mahukunta su ce sauyin yanayi ne, su wanke hannu. Ba mu yarda ba. Ruwa na Allah ne, amma burtali na hukuma ne.

Saboda haka muna neman abu huɗu. Na ɗaya, a auna burtali da makiyayar ƙasar Kibiya da Rano, a kafa musu turaku, a karanta iyakarsu a bainar jama'a. Na biyu, a nemi masanan Jami'ar Bayero da na cibiyar binciken dabbobi ta Shika su zana mana taswirar ciyawarmu, a fassara ta da Hausa. Na uku, a raba irin gamba a shuka a makiyaya da bakin gonaki. Na huɗu, hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara ya iso kasuwanninmu kafin shuka.

Mu ma da namu aikin. Manoman Maradi da Damagaram, tun wajen 1985, suka daina sare tohon itatuwa a gonakinsu, suka raya itatuwa kamar miliyan 200. Mu bar gawo ya girma, domin da rani yake ganye, 'ya'yansa kuwa abincin dabba ne a lokacin da daji ya bushe. Mu daina sa wa daji wuta.

Kada wani ya ce talaka ba ya iya sa a canja doka. An daɗe ana cewa jangali da haraji ba za su taɓa faɗuwa ba, amma a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a Jihar Kano, bayan shekaru kusan 30 na gwagwarmayar su Malam Aminu Kano. Kowa ya koma unguwarsu ya kai wannan magana, a rubuta sunan kowane burtalin da aka cinye a kawo ofishin jam'iyya. Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.