Farfesa Bayan An Tashi Daga Aji

 

A watan Yunin 2021 gwamnatin Muhammadu Buhari ta sanar da kafa sababbin jami'o'i huɗu, biyu na fasaha, biyu na kimiyyar lafiya. Ɗaya daga cikin na lafiyar ta faɗo Azare, takwararta ta tafi Ila-Orangun a Jihar Osun, aka kuma ce asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund zai ba kowacce daga cikin na lafiyar biyu naira biliyan 5 ta soma aiki. An yi murna a ƙasar Katagum, aka yi ta sa wa ɗan gari, Malam Adamu Adamu, ministan ilimi na lokacin, albarka. Sai dai ranar da aka yi sanarwar, jami'ar ba ta wuce takarda ba. Babu manhaja, babu ƙa'idar jarrabawa, babu tsarin ɗaukar ɗalibai, babu ma dokar da za ta ce ga hukuncin wanda aka kama da satar amsa. Mutane ne suka zauna suka rubuta waɗannan duka, tare da magatakarda da ma'aji da ma'aikatansu, kuma a kan gaba akwai farfesoshin da aka sani da aji da ɗakin bincike da ɗakin tiyata. Kan wannan aiki, wanda ba a ganinsa a allo ko a mujallar bincike, laccar yau za ta tsaya.

Duk malamin jami'a a Nijeriya ya san abubuwa uku ake nema a wurinsa: koyarwa, bincike, da hidimar al'umma. Biyun farko suna da iyaka. Ana iya ƙirga darussan da ya ɗauka, ana iya ƙirga maƙalun da ya wallafa. Na ukun kuwa jakar magori ne, duk abin da aka rasa inda za a sa, nan ake cusa shi.

A fara da Majalisar Dattawan Jami'a. Da zarar mutum ya zama farfesa ya zama ɗan wannan majalisa, ko yana so ko ba ya so. Ita ke amincewa da sakamakon jarrabawa, ita ke buɗe sabon fanni, ita ke korar ɗalibi, kuma babu digirin da zai fita ba da yawunta ba. Ɗalibin da ke ƙorafin an riƙe masa sakamako bai cika sanin hanyar da takardarsa ke bi ba: daga malamin darasi zuwa jami'in jarrabawa, zuwa zaman sashe, zuwa zaman tsangaya, zuwa kwamitin da ke tace wa majalisa aiki, sannan majalisar kanta. A kowane zango akwai wani malami da ya ajiye nasa rubutun ya zauna yana bin maki layi-layi, don kuskuren lamba ɗaya na iya mayar da mai daraja ta ɗaya zuwa ta biyu.

Shugaban sashe shi ne ya fi kowa shan wuya. Shi ke raba darussa, kuma duk yadda ya raba sai wani ya ce an zalunce shi. Shi ke sa hannu a takardar hutun malamai, shi ke neman dizal idan wuta ta ɗauke ranar gwaji, shi ke sauraron uban da ya taso tun daga Gamawa ko Zaki don jin dalilin da ɗansa ke maimaita aji. Shekara biyu a wannan kujera kan cinye binciken mutum ɗungurungum.

Inda nauyin ya fi taruwa shi ne lokacin tantancewa. Hukumar kula da jami'o'i ta NUC kan aiko tawagar farfesoshi daga wasu jami'o'i su duba fanni: malamai nawa ne kuma wane matsayi suke, littattafai nawa ne a laburare, kayan ɗakin gwaji suna aiki ko ado ne, tambayoyin jarrabawar shekarun baya suna da nauyi ko shara ce. Fannin da ya ci yana samun cikakkiyar amincewa ta shekara biyar. Wanda ya yi rauni a ba shi ta wucin gadi ta shekara biyu. Wanda ya faɗi a hana shi ɗaukar ɗalibai. A jami'ar lafiya irin ta Azare kuma alƙalin ba ɗaya ba ne, domin hukumar likitoci ta MDCN na da nata sharuɗɗan har da ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka, hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ita ma tana da nata. Watanni ake yi ana haɗa fayil kafin baƙin su iso. Kowa a wannan zaure ya kuma ji labarin yadda a wasu wurare ake aron malamai da kayan aiki na kwana uku, baƙi na juya baya a mayar wa masu su. Mai wannan lacca na ganin farfesan da ya ƙi sa hannu a irin wannan rufa-rufa ya yi wa al'umma hidimar da ta fi maƙala goma, musamman inda ɗalibin zai fita ne ya riƙe wuƙar tiyata.

A ƙarshen 2022 NUC ta fito da sabon tsarin manhaja na CCMAS, inda ta tsara kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. A takarda abin sha'awa ne. A aikace, kwamitoci ne aka kafa a kowane sashe, kuma a nan ne ake yanke ko likitan da aka horar a Azare zai fita da sanin cututtukan da ke damun mutanen fadamar Katagum da Jama'are, ko kuwa za a kwafo abin da wata jami'ar ta rubuta a sauya suna.

Akwai kuma aikin da farfesa ke yi wa jami'ar da ba tasa ba. Kafin a ba wani kujerar farfesa, sai an tura rubuce-rubucensa ga masana uku na waje su karanta a asirce. Kafin a ba da digirin digirgir, sai mai jarrabawa daga waje ya zo ya zauna da kundin. Ladan da ake biya bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma sai an shekara bai fito ba. Idan ka ji malami na kukan ƙarin girmansa ya maƙale, sau da yawa takardunsa na can kan teburin wani dattijo a Maiduguri ko Zariya, wanda shi ma kwamitoci sun yi masa katutu.

Duk wannan ana yin sa a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, amma can akwai farfesoshi da yawa da za a raba wa. Matsalar ƙasar Katagum ita ce jami'o'inta ƙanana ne a shekaru. Ta Gadau, wadda gwamnatin Isa Yuguda ta kafa ta soma aiki a 2011, yanzu kuma take ɗauke da sunan Sa'adu Zungur, tana da rassa a Misau da Bauchi, wato zaman majalisa ɗaya na iya nufin tafiya a mota. Ta Azare ko shekara goma ba ta yi ba. Yawan kwamitocin da doka ke nema a ƙaramar jami'a bai ragu da na babba ba, mutanen ne suka ragu. Shi ya sa za ka tarar da mutum ɗaya shi ne shugaban tsangaya, shi ne shugaban kwamitin ladabtarwa, shi ne wakilin majalisa a hukumar gudanarwa. Inda babu farfesa kuma, sai a ɗora shugabancin sashe kan matashin da bai daɗe da gama digirin digirgir ba. A nan ɓarnar take, domin kwamitin ƙarin girma maƙalu yake ƙirgawa, makin da yake ba hidima kaɗan ne. Matashin ya yi shekara huɗu yana riƙe sashe, abokinsa da ya zille wa kowane kwamiti ya wuce shi a matsayi. Darasin da sauran ke ɗauka a fili yake.

Maganar kuɗi ba sabuwa ba ce. Yarjejeniyar da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a 2009 ta tanadi alawus na riƙe muƙami, da na duba kundin ɗalibai, da na aikin da ya wuce kima. Bashin waɗannan kuɗi na cikin abubuwan da suka jawo yajin aikin wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022. Shi kansa aikin ƙungiya hidima ce, ko da iyaye ba sa son jin haka. Asusun TETFund da ya ba Azare kuɗin soma aiki ya samo asali ne daga harajin ilimi na 1993, wanda ya biyo bayan yarjejeniyar da ASUU ta ƙulla da gwamnatin soja a 1992, lokacin Attahiru Jega na shugabanta.

Jegan nan ne, bayan ya shugabanci Jami'ar Bayero ya koma hukumar zaɓe a 2010, ya jawo shugabannin jami'o'i da farfesoshi cikin aikin tattara sakamakon zaɓe. Wanda ya gaje shi a 2015, Farfesa Mahmood Yakubu, ɗan Jihar Bauchi, ya ci gaba da tsarin. Hujjar ita ce mutumin da ya kai wannan matsayi yana da sunan da zai ji tsoron ɓatawa. Wani lokaci hujjar ta tsaya, kamar yadda aka yaba wa Farfesa Nnenna Oti a zaɓen gwamnan Abiya na 2023. Wani lokaci ta rushe: a 2021 kotu a Akwa Ibom ta ɗaure Farfesa Peter Ogban na Jami'ar Kalaba shekara uku saboda sauya alƙaluman zaɓen sanata na 2019. Sauran ayyukan ƙasa ma na jan su. Shugaban farko na jami'ar Azare, Farfesa Bala Audu, likitan mata, an zaɓe shi shugaban Ƙungiyar Likitocin Nijeriya a 2024, yana riƙe da jaririyar jami'a a hannu ɗaya.

Saura gari, kuma a nan dattawa za su yi haƙuri. Ƙasar da malami mai tuta, Malam Zaki, ya kafa, wadda ta ba Nijeriya Alhaji Sule Katagum a hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya da Alhaji Aminu Saleh a ofishin sakataren gwamnati, ta saba ganin mai ilimi a matsayin mai ɗaukar nauyin jama'a. Wannan gado ne mai kyau. Farfesa na cikin kwamitin masallaci, na ƙungiyar ci gaban gari, na sulhun gado da na iyakar gona. Amma idan lokacin ɗaukar ɗalibai ya zo, sai zaurensa ya cika da 'yan takardu masu ɗauke da sunaye. A jami'ar tarayya ƙa'idar ita ce kashi 45 na cancanta, 35 na yankin da jami'ar ke ciki, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi, kuma tun 2017 komai sai ya bi ta na'urar CAPS ta hukumar JAMB. Gurbin karatun likita kuwa an riga an ƙayyade shi daga sama. Malamin da ya ce wa ɗan'uwansa makin yaro bai kai ba, sai a ce ya yi boko ya manta gida.

Abin da ake roƙon majalisun jami'o'in nan biyu ba ya buƙatar izini daga Abuja. Su rubuta kwamitocin da kowane malami ke ciki a manna a allon sanarwa, don a ga wanda aka danne da wanda ya sulale. Su ɗaga makin shugabancin sashe da na jami'in jarrabawa a ƙa'idar ƙarin girma, su rage wa mai riƙe da su darussa, su kuma ba shi zangon karatu ɗaya na bincike bayan ya sauka. Aikin da magatakarda da ma'aikatansa za su iya, kamar rabon ɗakunan kwana da jadawalin motoci, a bar musu. Ƙungiyoyin ci gaban Katagum su ma, maimakon aika sunaye a watan ɗaukar ɗalibai, suna iya gayyato malaman nan su shirya wa 'yan ajin ƙarshe na sakandare darussan Kimiyyar Sinadarai da Fiziks da Ilimin Halittu tun kafin jarrabawar JAMB, a Azare da Chinade da Madara.