Ziyarar Kabarin Wali Ɗan Marina



Mu 'yan Kambarawa mun taso muna ganin jama'a suna ziyartar kabarin Wali Ɗan Marina a birnin Katsina, suna neman albarka da tsari. Amma mu nawa ne muka san cewa shi ne Muhammadu ibn al-Sabbagh, malamin ƙarni na 17, mai waƙoƙin Larabci, wanda ya yi zamani da Wali Ɗan Masani da ya rasu a 1667?

Dubi Japan. Can, kowace shekara 20 sukan sake gina ɗakin bautarsu na Ise, domin kada gwanintar magabata ta ɓace. Mu fa, wa zai kwafe littattafan waliyyanmu tun gara ba ta cinye su ba?

Mu yi ziyara, mu kuma karanta abin da suka bari. Allah ya sa mu dace.