Kada Mu Zubar da Ragowar Kafet

 

Tun da muka sake shimfiɗar masallaci, ragowar kafet na nan jibge a bayan gida, ruwa na dukanta. To jama'a, kuɗinmu ne fa! Ga shi da yawanmu nan Legas muna haya a tsofaffin benaye masu daɓen katako. Ƙafar gado da yashin takalmi kullum suna cin katakon, ran tashi kuma mai gida ya ce sai mun biya gyara.

Shawararmu, a yanka ragowar nan daidai gaban gado da bakin ƙofa. A kifa kafet ɗin a yanko ta baya da wuƙa mai kaifi. Dukawanmu su kalmashe bakin da basilla don kada ya zare. A ɗinka masa tsohon bargo a ƙasa, domin bayan kafet kaushi gare shi, yana kankare katako. Ban da ƙusa, ban da gam. Da damina kuwa a riƙa ɗagawa duk mako, a share yashi, a shanya, don laima ke ruɓar da katako.

Mai bukata ya ga sakatare bayan sallar Juma'a.

Allah Ya raba mu da almubazzaranci. Wassalam.