Maganin Ƙurajen Fuska Ya Yi Wuya

Yau matashi a Katsina yakan ɗauko takardar likita, ya zaga kyamis-kyamis daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Kwaya, ya rasa man shafawar ƙurajen fuskar da aka rubuta masa. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kuma kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara kayansa daga Najeriya a watan Agustan shekarar, magungunan waje suka yi tsada, wasu suka ɓace. Sai yara suka koma man bilicin mai sinadarin sitiroyid, wanda ke ƙara ƙurajen, ya sirantar da fata. Hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta daɗe tana gargaɗi a kansa. Iyaye, ku mayar da yaranku wurin likita, ya canza musu magani.